Gwaggon Kumfa da Injin Mai Ƙofar Gilashi

Mai kitson layinmu ce ta fara ba ni labarin Gwaggon Kumfa. Kaina na kan cinyarta, tana tsaga, ni kuma ina yi mata ƙorafin hannuna. Shekarar ce sanyin ƙashi ya kama mini yatsu, ko hula na matse sai na yi hawaye. Ga maigida da son fararen kaya, ga 'ya'ya maza uku da ba su san inda sabulu yake kwana ba.

Ta ce, "Ke ma dai da son wahala. Ki kai wa Gwaggon Kumfa mana, nan bayan shagon mai faci. Injinta biyu. Sai dai in kin je kada ki zauna a kujerar da ke kallon gilashin, tata ce. Kuma kada ki tambaye ta abin da ke cikin gwangwani."

Na ce, "Wane gwangwani?"

Ta ja mini gashi, ta ce in daina motsi.

Ni ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata kada ta yi wa maganata kwalliya. Gwaggon ma ta san ina ba da labarin nan. Da na nemi izininta cewa ta yi, "Faɗi, amma kada ki rage, kada ki ƙara." Allah Ya tsare harshena.

Ɗakin wankin nata ɗan siriri ne, mutum biyu ba sa wucewa a jere. Simintin kullum a jiƙe, an tsaga masa hanyar ruwa zuwa waje. Daga hagu injin nan mai murfi a sama, fari ne da, ya koma launin haƙori. Daga can ƙurya mai ƙofar gilashi a gaba, zagayayye, in kin shigo daga rana sai ki ga kamar ido ɗaya ne yake kallonki. Gabansa kujera 'yar tsugunne. Samansa, kan katako, gwangwanin madara mai murfi. Ta bayan ɗakin akwai tsakar gida da igiyoyin shanya biyar.

Ita kanta doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ta girme ni da kusan shekara goma, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Uwar Maza. Abin da za ki fara gani hannunta ne. Fatar ta yi fari har gwiwar hannu, ta tattare kamar ta wanda ya daɗe cikin ruwa. Shekara talatin da wani abu tana wankau gida-gida, da baho da sabulun sanda. Kullum aka gan ta kumfa ce har damtse, nan sunan ya samo asali. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗa ɗaya gare ta, direban babbar mota, shi ya sayo mata injinan na hannu, mai murfin da farko, bayan shekara biyu ya ƙaro mai gilashin.

Ranar farko na tambaye ta, "Yaya, wanne ya fi fitar da datti? A wanda ya fi nake so ki sa mini."

Ta zaro rigunan maigida biyu daga ƙullina, farare, duk wuyansu ya yi baƙi da gumi da turare. Ta jefa ɗaya a na sama, ɗaya a na gaba, ta ce in zauna kan bokiti in ga da idona.

Na saman ya sha ruwa har wuya. Sandar nan ta tsakiyarsa ta riƙa murɗa rigar, dama, hagu, dama, hagu, kamar masu kokawa. Kafin in gama lazimina ya gama. Na gaban kuwa ɗan ruwa ya tsotsa, ko rabin gilashin bai kai ba. Sai ya ɗaga rigar sama ya sako ta, tim, ya ɗaga ya sako, ya tsaya kamar yana tunani, ya juya baya. Har na yi gyangyaɗi na farka bai gama ba.

Da ta baza su a igiya, ta na saman a jiƙe sharkaf, a murɗe, wuyan da sauran layin datti, zaren aikin ƙirji ɗaya ya zare. Ta na gaban wuyan fes, kuma ya matse ta har kusan a goge a sa.

Na ce, "To ai magana ta ƙare. A zuba mini komai a na gilashin."

Ta ce, "Fita daban, tsarki daban, Uwar Maza. Wancan ya iya fitar da datti, ba ya cin sabulu, ba ya yaga kaya. Amma ruwan da yake sha ko alwala biyu ba zai yi ba. Kayan da fitsarin yaro ya taɓa, ko jini, ko zanen majinyaci, ni zuciyata ba ta kwanciya sai na ga ruwa ya rufe su, ya tafi, wani ya zo, sau uku. Wannan aikin na sama ne. Masu karatu sun ce duka biyun suna tsarkakewa, ban musa musu ba. Ni dai haka nake yi."

Ta ɗaga murfin na saman ta rufe, ta sake ɗagawa.

"Kuma kin ga wannan? Ko yana tsakiyar aiki in na ɗaga sai ya tsaya, in sa hannu in ciro abin da nake so. Wancan in ya ce ƙyat, shi ke nan. Kina gani, ba ki da iko."

Sai ta kafa mini dokarta. Kayan manya na fita da zannuwan gado masu tsabta, ƙulli ɗaya, na gaba. Kayan yara, ko ɗan hankici ne, ko ba a taɓa sawa ba, ƙulli daban, na sama. Ta ce tun da injin gilashin ya shigo ɗakin, tufar yaro ba ta taɓa shiga cikinsa ba, kuma ba za ta shiga ba.

Haka muka yi ta yi. Duk Talata in kai ƙulli biyu, in zauna kan bokitina mu ɗan taɓa hira. Na lura da wani abu. Duk sanda na gilashin ya gama, ta kwashe kaya, sai ta yi bisimilla ta zura yatsa cikin robar nan ta bakin ƙofa, ta bi ta a hankali ta zagaye. Na ɗauka tsabta ce, don robar tana tara ruwa, in an bar ƙofar a rufe har wari take yi.

Wata Talata da hantsi yatsan nata ya tsaya. Ta jawo wani abu ɗan mitsitsi, a jiƙe. Safar jariri ce, fara, mai bakin shuɗi. Tsawonta bai kai ɗan yatsana ba.

Na ce, "Ikon Allah, ta wa ce? Ai kayan maigida kaɗai ne a ciki."

Ta shimfiɗa safar a tafin hannunta, ta daɗe tana dubawa, ta juya ta. Sai ta girgiza kai, ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Ba ita ba ce. Sake dubawa."

Rana tsaka, ga ƙarar mai faci yana buga ƙarfe, amma sai na ji ɗakin ya yi sanyi.

Ta sauko da gwangwanin ta buɗe. Safuna ne a ciki, ƙanana, guda shida, kowace ita kaɗai ba 'yar'uwa. A ƙasa, cikin ƙyalle, akwai wata daban, ta ulu, saƙar hannu, rawaya, ta koɗe. Ban tambaya ba, na riƙe maganar mai kitso. Ita ce da kanta ta fara.

Kafin direban ta haifi mace. Kurciya take ce mata, saboda yadda take guɗa in ta ƙoshi. Watanta goma, tana rarrafe, ta fara kama abu tana miƙewa. Lokacin sanyi ne, Gwaggon ta saƙa mata safa da kwarashi. Ulun rawayan ya ƙare mata a ta biyun, sai ta ƙarasa kan yatsun da koren zare. Ranar da abin ya faru tana wanki a gidan wasu mutane, ta cika babban baho da ruwan ɗauraya, ta ajiye yarinyar kan tabarma, ta je shanya zanen gado. Iska ta naɗe mata zanen a igiya, ta tsaya warwarewa.

"Zane ɗaya, Uwar Maza. Ban ji komai ba. Ko fantsamar ruwa."

Da ta ciro ta daga cikin bahon, rai ya riga ya fita, safa ɗaya ce a ƙafarta, rawayar zalla. Mai koren yatsun babu. Ta zubar da ruwan, ta kife bahon, ta zazzage kayan mutane ɗaya bayan ɗaya, ta bi magudana da hannu. Mutane na ta salati suna janye ta, ita tana neman safa. Ba a gan ta ba.

Ta ce, "Babanta bai taɓa ce mini ke ce ba. Har ya koma ga Allah bai ce ba. Amma kuma bai taɓa ce mini ba ke ba ce."

Wata uku da kawo injin gilashin, safa ta farko ta fito a robar. Ta tambayi duk masu kawo wanki, kowa ya ce ba tasa ba. To ta yaya ma za ta zama tasu, tunda kayan yara ba sa shiga? Bayan wata biyu wata ta fito. Sai wata.

"Nema take yi. Yarinya ce, ba ta gane tata ba, sai ta riƙa miƙo ta wasu. Ranar da ta miƙo mai koren, na san ta yafe mini."

Na ce, "Yaya, ki yi istigfari. Wanda ya tafi ya tafi. Jaririya ce, tana cikin rahama, me za ta riƙe ki da shi?"

Ta ce, "Na sani da kaina. Nan ne bai sani ba." Ta dafa ƙirji.

Abin ya tsaya mini. Na je wurin malamar da ke mana karatu, ban kama suna ba, na tambaya. Ta ce mamaci ba ya aike, a yi wa matar addu'a, a kuma riƙa jan ta da hira. Na yi. Amma ina kallo abin yana cin ta. Wata rana aka kira la'asar, na ce, "Yaya, an kira." Ta ce saura ɗauraya ɗaya. Matar da a da ko kumfa ce a hannunta in ta ji kira sai ta ɗauraye ta tashi. Na yi tawa na idar, na same ta inda na bar ta, fuskarta dab da gilashin, hasken na juyawa a idonta.

Sannan injin ya fara wani ƙwanƙwasa. In ya zo matsa sai ki ji daga can cikinsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar yaro na buga ƙofa da tafin hannu. Ruwa kuma ya riƙa daɗewa bai fita ba. Direban ya ce a kira mai gyara, ko ya canza mata shi da wani mai murfi. Ta ce duk wanda ya kwance injin nan ba da yawunta ba. Akwai mai gyaran da ke zuwa duba na saman, wani mai tumbi da barkwanci, kowa Injiniya yake ce masa. In zai zo sai ta lulluɓe na gilashin da tsohon bargo ta ɗora kwando a kai. Tsoronta kada a buɗe, hanyar ta toshe kafin mai koren ta iso.

To ga inda laifina ya shigo. Rubuta shi, kada ki tsallake.

Babban ɗana da matarsa a gidanmu suke, da 'yarsu mai wata tara. Surukar tawa ta sayo wa yarinyar wata 'yar riga a gwanjo, fara, mai dogon hannu da ɗan aljihu a gaba. Ta ajiye a kan gadona don in haɗa a wanke kafin a sa mata. Ni kuma ranar Talatar baƙi suka yi mini sallama da safe, na yi sauri na naɗe zanen gadon yadda yake, na tura a ƙullin na gaba. Rigar na ciki ban sani ba. Gwaggo kuwa takan zazzage kayan kowa ɗaya-ɗaya, amma ni shekara biyu ban taɓa kuskure ba, ta daina duba nawa. Ta tura, ta rufe. Ƙyat.

Muna zaune, ina ba ta labarin baƙin. Ruwa ya shiga, zanen ya fara juyawa, ya warware. Sai na ga ta daina ji na.

Rigar ce ta fito daga cikin zanen. Injin ya ɗaga ta ya sako, hannuwan nan biyu suka buɗe, suka bugi gilashin. Ya sake ɗagawa, suka sake bugawa. Ruwa ya cika ta, ta kumbura kamar da mutum a ciki. Wallahi ni da na san riga ce, na san daga gidana ta fito, sai da na yi salati.

Gwaggo ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin babba ba. Ta faɗa kan ƙofar tana ja. Ina cewa, "Yaya, ta jikata ce! Rigar jikata ce, ni na yi kuskure!" Ba ta ji. Ta danna duk abin dannawa, injin bai kula ta ba, ya ɗaga ya sako. Ta sa hannu biyu ta fizgi mariƙin ƙofar, ya karye a hannunta.

Daidai nan aka ɗauke wuta.

Komai ya yi tsit. Gangar da ke juya kayan ta yi lilo sau biyu ta tsaya. Rigar ta zo ta manne a jikin gilashin, hannu ɗaya a sama, rabin ta cikin ruwa. Kumfa na gangarowa a kanta. Gwaggo ta durƙusa ta ɗora tafinta a kan gilashin, daidai ɗan hannun.

Ta ce, "Kira shi." Ba ta ɗauke hannu daga gilashin ba. "Kira Injiniya. A fito da ita daga ruwan nan. Ko me zai kwance ya kwance."

Na fita da gudu, mayafina a hannu. Na same shi a rumfarsa ya kwance fanka. Ya taho yana tsokanata, wai tsohuwa da gudu haka ko maigida ne ya ƙaro mata kishiyar inji. Da ya leƙo ya ga Gwaggo a ƙasa, sai ya haɗiye dariyarsa.

Ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙasan injin ya tsiyaye ruwan a faranti, sau wajen goma yana zubarwa. Ya kwance murfin sama, ya zura hannu ya saki makullin. Ƙofar ta buɗe. Gwaggo ta ciro rigar ta rungume a ƙirji, ruwa na bin zanenta. Can ta dube ta sosai, ta ga riga ce. Ta miƙo mini.

Injiniya kuwa ya riga ya leƙa ciki. Ya ce, "Af! Mama, ai na san mutumin nan. Kin ga wayar nan da aka ɗaure da jan zare? Ɗaurina ne. Shekara huɗu ina gyara shi a gidan renon jarirai, can hanyar tasha, kafin su tashi su sayar da kayansu. Ashe nan ya yi ritaya, ake ɓoye mini shi cikin bargo."

Ya jijjiga gangar, muka ji ƙwas ɗin nan. Ya cire bayan injin, ya zare wani baƙin tiyo mai kauri, ya zura hannu har gwiwa. Ya fara zarowa. Safa. Wata safa. Wasu sun dunƙule sun yi baƙi, wasu da maɓalli da tsinken gashi a jikinsu.

Ya ce, "Mama, injin nan naki ƙafa nawa gare shi? Kin ga, ganga biyu ce, wata cikin wata. Ƙananan kaya sukan sulale ta bayan roba su faɗa tsakani. Su yi shekaru a nan. Wani lokaci in ya yi matsa mai ƙarfi sai ya tofo ɗaya. Su ne suka toshe miki ruwa, su ne ke bugawa."

Ya tara su a faranti, goma sha tara. Ya haska da fitilar wayarsa, ya ce ko zare bai rage ba. Ya ɗaura sabon mariƙi, ya mayar da komai, ya tafi.

Gwaggo ta sauko da gwangwanin. Ta zauna a simintin jiƙaƙƙe ta jera nata bakwai, ta riƙa ɗauko na farantin tana gwadawa. Mai bakin shuɗi ta sami 'yar'uwarta. Mai ɗigon ja ta samu. Ɗaya bayan ɗaya, duka bakwai ɗin. Ta ulu ko ɗaya babu a ciki.

Ta ce, "Ashe ba kowa." Ta yi ɗan murmushi, wanda da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi. "Shekara huɗu ina gaida datti, Uwar Maza."

Ni abin da nake roƙo ke nan, Allah Ya raba ta da wannan zato. Ga shi an raba ta, sai na ga kamar an zare mata ƙashin baya. Na ɗauki rigar jikata na fita bayan ɗaki in shanya, don kada ta ga idona.

Na yarfa rigar, na kama kafaɗun zan rataya, sai na ji wani ɗan tudu a aljihun. Na zura yatsa biyu.

Ulu ne. Saƙar kwarashi. Rawaya, kan yatsun kore.

Na karanta duk abin da ya zo bakina. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in jefa ta bayan katanga. Na ce yanzu matar nan ta farfaɗo daga abu, in na kai mata wannan na mayar da ita ciki, alhakin imaninta a wuyana. Na kuma ce, in na jefar, na ɓoye abin da ba nawa ba, kuma zan riƙa kallon idonta duk Talata. Na daɗe a tsaye, ruwan rigar na ɗiga a ƙafata. Sai na ce ni ba ni na sa ta a nan ba, ba ni zan hana ta isa ba.

Na koma na durƙusa, na buɗe hannuna a gabanta.

Ba ta taɓa ba da farko. Ta dube ta, ta dube ni.

"Ke kika saƙa?"

Na nuna mata yatsuna da suka kanannaɗe. "Yaya, da waɗannan? Ni ko zare ban iya sa wa allura ba. A aljihun rigar na same ta, Allah ne shaidata."

Ta warware ƙyallen, ta ɗauko tsohuwar, ta haɗa su tafi da tafi. Tsawo ɗaya. Ta juya bakin, ta nuna mini inda take ƙulle zarenta sau biyu ta mayar da shi ciki. Iri ɗaya. Bambancin kawai, tata ta koɗe, wannan kuwa rawayarta na nan shar kamar jiya aka sauke ta daga kwarashi.

Na jira ihu, ko suma. Babu. Ta riƙe su a tafinta, ta rufe da ɗaya hannun kamar mai ɗumama ɗan tsako. Sai ga kiran la'asar. Ta ɗaga kai ta saurara har aka gama, ta ce, "Miƙo mini buta."

Da na koma gida na titsiye surukata. Ta ce ita ba ta duba aljihun ba, daga cikin dila aka zaro rigar, kayan gwanjo kuwa me ba a samu a ciki, ita ta taɓa samun haƙorin roba a aljihun kwat. Ta ce masu saƙa da yawa zare yakan ƙare musu. Injiniya da ya ji, cewa ya yi wataƙila ta ashirin ce, ta fito lokacin da injin ke juyawa ta shige aljihun. Malamarmu ta ce mamaci ba ya aike, amma Allah Yana sanyaya zuciyar bawansa ta hanyar da Ya so, kuma ba a tambayarsa. Ni a nan na tsaya. Ban ce Kurciya ce ba. Ban kuma iya cewa ba komai ba ne, don ni na zura yatsa a aljihun nan.

Safunan gidan renon ta wanke su a na sama, ruwa uku, ta haɗa masu 'yan'uwa ta ba masu jego a layin. Na ulun biyu ta naɗe su tare ta ba ɗanta, ta ce ya ajiye, in ya samu 'ya mace a sa mata. Gwangwanin yanzu maɓallai ne a ciki da tsinkunan da take tsinta a aljihun mutane.

Tana nan tana wankinta. Talatar da ta wuce ma na je. Dokar ba ta canza ba, kayan yara na sama, kuma yanzu har nawa sai ta zazzage, tana cewa, "Uwar Maza, ke ai an gama yarda da ke." Kujerar ta juya ta, bayanta ga gilashin, fuskarta ga ƙofa, carbi a hannu, tana amsa gaisuwar masu wucewa. In injin ya gama ta kwashe kaya, ta sa tsumma ta goge robar, ta bar ƙofar a buɗe ta sha iska. Ba ta ƙara zura yatsa ba.

Ni ce dai, in ta fita shanya ta bar ni ni kaɗai da shi, nake ɗauke bokitina in koma bakin ƙofa.